Ranar da Na Ba Hajo Riƙon Wayata

Autana Bello, mai aikin kwamfuta a Sakkwato, shi ya gaya mini na'urorinsu suna da ɗan tsakani da ke riƙe amsa, ya ba mai tambaya nan take, ya kuma tare mugun baƙo. Na ce ashe abin ba wuya. Ni da na yi yaƙi da jahilci har da takardar shaida?

Waya ba ta kamawa a gidanmu nan Kebbe, sai wajen maƙwabciyata Hajo. Na damƙa mata tawa ta zame mini ɗan tsakani, na ce, "Kowa ya kira, ki ce lafiya lau nike, ban bukatar komi."

Ran Juma'a Bello ya kira daga tashar Tambuwal. Kwantagora zai wuce, in ina nemansa ya hau babur ya iso. Wata bakwai rabona da ganinsa.

Hajo na tsakar daka ta ce, "Lafiya lau take, ba ta bukatar komi."

Yaro ya wuce. Kwana uku ina kallon hanya, tuwo ya ƙi haɗiyuwa.

Har yau ko gishiri na je aro, sai Hajo ta riƙe haɓa: "A'a, Innar Bello! Ke da ba ki bukatar komi?"