Rasuwar Shakra, Wadda Aka Karanta Wa Takarda Daga Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, Injiniya Munzir Hiyari, wanda aka fi sani da Abu Rakan, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da ɗaukacin 'yan ƙungiyar tseren ranar Juma'a rasuwar motarsa Shakra, mai ƙofa biyu, 'yar asalin ƙasar Japan. Kwananta ya ƙare a kwana ta huɗu ta filin tseren da ke bayan garin Amman, da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, bayan gajeriyar rashin lafiya ta wuni ɗaya. Ta rasu tana da shekara goma sha tara a duniya, goma sha ɗaya daga ciki a hannunsa.

Wannan sanarwa ta makara da kwana tara. Dalilin yana ƙasa. Mai makoki yana roƙon a daure a karanta har ƙarshe, musamman mutum bakwai ɗin nan da suka kwashe motocinsu daga garejin Mu'allim Dirar na unguwar Bayadir.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko a sanyin watan Janairu da ƙanƙara ke rufe gari. A murɗa makulli sau ɗaya, sai ta yi gyaran murya, "gurr, tuf, tuf," kamar dattijuwa za ta yi nasiha, sannan ta daidaita numfashi. Ta hau tsaunukan Amman ba ta yi haki ba. Ta sauka Tekun Gishiri ta dawo birkinta bai yi ƙauri ba. In an sake mata totur a miƙaƙƙiyar hanya takan yi wani ɗan atishawa, "fishhh," wanda maƙwabta suka kai ƙara a kansa sau biyu. In an kashe ta da yamma kuwa, takan yi ta "ƙyas, ƙyas" tana hucewa, mai ita yana tsaye da makulli a hannu yana saurare, abincinsa na sanyi a ciki. Ummu Rakan, uwargidansa, ta sha faɗa cewa da ita ake saurara haka da tuni ta daina ɗaga murya.

Duk tsawon shekarun nan likitanta ɗaya ne, Mu'allim Dirar. Shekararsa arba'in yana saitin ƙafafun mota, kuma bai taɓa yarda da na'ura fiye da zare da idonsa ba. Shi ya koya wa mai makoki cewa motar tsere ba ta tsayawa da ƙafa a miƙe kamar motar kai yara makaranta. Ana ɗan gwame mata tayoyi, saman ya shigo ciki, ƙasan ya fita waje, don in ta kwanta a kwana duk faɗin tayar ya dafe kwalta. Wannan gwamen shi makanikai ke kira kamba. Ya koya masa kuma cewa bakin tayoyin gaba ana ɗan buɗe shi don mota ta yi saurin shiga kwana, na baya kuwa tsuke shi ake yi, domin bayan mota in ya sami sarari ba ya jin magana.

Ga yadda ciwon ajali ya faro.

Ranar Laraba mai makoki ya je gareji ya tarar Mu'allim yana wanke hannu, zai tafi garin Karak neman wa ɗan ƙanensa aure, ba zai dawo ba sai Asabar. Tsere kuma Juma'a ne. Ya roƙa, ya yi magiya, ya ce minti arba'in kawai. Mu'allim ya ce ƙafar mota ba a yi mata aikin gaggawa, a bar tseren nan ya wuce, wani na zuwa. Da naci ya yi yawa, sai Mu'allim ya yage murfin kwalin kunafa, wani kayan zaƙi na Larabawa, da ke kan benci, ya zana layi a tsakiya, ya rubuta lambobin da zai sa wa marigayiya in ya dawo: gefe ɗaya uku da alamar buɗewa, ɗaya gefen ɗaya da rabi da alamar tsukewa. Bai rubuta gaba ba, bai rubuta baya ba. Kansa ya rubuta wa, ba wani ba.

"Riƙe wannan ka kwantar da hankalinka, Injiniya," in ji shi. "Kallo na ba ka, ban ba ka sufana ba."

Mai makoki ya ce to. Ranar Alhamis bayan azahar ya ɗaga marigayiya a kan jak a garejin gidansa, ya ɗaura zare daga gaba zuwa baya kamar yadda ya ga ana yi shekara goma sha ɗaya, ya jingina kwalin kunafa a jikin gilashi. Shi mutum ne da ya yi karatu a waje, shekara ashirin yana duba zanen gine-gine da Turanci. Idonsa da kansa ya faɗa gefen hagu, ya ce nan ne gaba. Mu'allim kuwa, kamar kowane ɗan ƙasar nan da ya riƙe alƙalami, daga dama ya fara, yadda ake rubutun Larabci.

Haka aka ba ƙafafun gaba rabon na baya, aka ba na baya rabon na gaba. Aka buɗe bakin da ya kamata a tsuke.

Marigayiya ta yi ƙorafi, wannan dole a faɗa saboda haƙƙinta. A hanyar zuwa fili da safe bayanta yana ta rawa a duk inda kwalta ta yi tudu, sitiyari ya yi nauyi kamar mai jin barci. A zagayen farko ta yi wani siririn kuka a kwana ta biyu, "kiii," irin wanda ba ta taɓa yi ba. Mai makoki ya ce tayoyi ne ba su yi zafi ba, ya ƙara mata wuta. A zagaye na biyu, a kwana ta huɗu, gabanta ya ƙi shiga, ya ɗaga ƙafa daga totur, sai bayanta ya wuce gabanta. Ta juya sau biyu. Ta kai wa katangar siminti gefenta na dama, wanda ba kowa a ciki, ta bar na hagu inda yake zaune. Ya fito ko ƙwarzane babu. Ita kuwa ta yi "ƙyas" sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Jama'a suka taru. Aka duba shi, aka yi hamdala, aka miƙa masa ruwa. Sai wani ya durƙusa ya leƙa ƙafar baya ya tambaya wane mahaukaci ne ya yi wannan saiti. Mai makoki yana da amsa a baki. Ya haɗiye ta, ya ce lambobin Mu'allim Dirar ne.

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan shi ne abin da ya hana shi sukuni. Kafin a sauko daga sallar Juma'a magana ta zagaye ƙungiya a waya. Aka ce tsufa ya kama Mu'allim, aka ce ido ya tafi, aka ce dama zare ba abin yarda ba ne a wannan zamani. Mai makoki yana ganin saƙonnin suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, bai tanka ba. Kafin Litinin motoci bakwai sun bar garejin Bayadir, wata ma da ƙafa uku aka ja ta.

Ranar Lahadi Mu'allim ya zo ganin gawa. Bai sha kofi ba, bai zauna ba. Ya zagaya ta a hankali, ya tsuguna a baya, ya shafa bakin taya da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro, ya koma gaba ya shafa. Ya ga kwalin kunafa a kan kujera, ya ɗauka, ya duba, ya mayar inda yake.

"Abu Rakan," ya ce, "sunan mahaifinka, daga wane gefe kake fara karanta shi?"

Ya yi masa barka da tsira, ya tafi. Daga ranar zuwa yau bai gaya wa kowa ba. An je har gareji an faɗa masa magana a gaban maƙwabtansa, abin da ya ce kawai shi ne lambobin nasa ne, Allah ya tsare gaba. Ummu Rakan ce ta ji wannan a bakin matar Mu'allim, ta dawo gida ta ajiye wa mai makoki takarda da biro a kan faranti maimakon abincin rana.

Don haka ake sanar da kowa: lambobin Mu'allim Dirar daidai suke. Hannun da ya ɗaura zare, ya kwance noti, ya karanta daga hagu, hannun Injiniya Munzir Hiyari ne, bayan an ce masa kada ya taɓa. Shi ya kashe ta, shi ya bari aka ɗora wa wani.

Marigayiya ta rasu ta bar taya uku masu sauran rai, da safaya ɗaya da ba ta taɓa taka kwalta ba, da madubin hagu, da makulli biyu waɗanda yanzu ba su da abin buɗewa. Ta bar tabon baƙin mai a garejin gida, wanda aka hana wankewa. Ta bar mai ita da ƙafafunsa biyu lafiya, abin da bai yi mata ba.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar bayan la'asar daga gidan mai makoki, a bayan motar janwe, zuwa makwancinta a filin 'yan gwangwan da ke garin Zarka. Ba a buƙatar jerin gwano, kada kuma a yi ham.

Zaman makoki kwana uku ne, daga Lahadi, amma ba a gidan mai makoki ba, domin bai cancanci a yi masa ta'aziyya ba. A garejin Mu'allim Dirar za a zauna, in ya yarda ya buɗe ƙofa, don har yanzu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mai makoki zai tsaya a bakin ƙofa da butar kofi mai ɗaci, shi zai zuba wa kowa da hannunsa. Mutum bakwai ɗin nan ana roƙonsu kada su zo a ƙafa, kada su zo a tasi. Kowa ya zo da motar da ya fitar.

Za a kafa kwalin kunafa a bango da ƙusa, don mai son gani da idonsa. A fara daga dama.