Injin da Na Saya Ya Koma Bakin Aiki

Ku ji abin da tsufa ya nuna mini, jama'a. Ni da furfurata da ciwon gwiwata na tura a-kori-kura a tsakiyar titi, autana yana riƙe da sitiyari yana cewa, "Ƙara ƙarfi, Inna, saura ƙiris ta tashi." Ba ta tashi ba. Injin da muka ɗora mata bai ko rufa wata ba ya yi tari, ya yi atishawa, ya ce ga garinku nan.

Motar nan ita ce gonarmu. Da ita autan yake dakon bulo da yashi, ya ciyar da ni da matarsa da marayun wansa. Da tsohon injinta ya gaji, injin niƙana na sayar muka nemo na hannu wurin wani mai zaƙin baki da ake kira Na-Kowa. A bayan gidansa ya tayar mana da shi a kan tsohuwar taya, yana ƙara lafiya lau kamar mage ta ƙoshi.

"Mama, injin nan bai san wahala ba," in ji shi. "Daga motar manya ya fito. Daga inuwa sai inuwa."

Da bakanike ya buɗe cikinsa sai ya kira ni in leƙa. An ɗura masa mai mai kauri kamar kwalta don ya rufe bakin ciwon da ke ciki. Wanda ya ɗura ya san abin da yake ɓoyewa.

Na koma wurin Na-Kowa. Ko tashi bai yi ba.

"Ciniki ya faɗa, Mama. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

"Rariya ka ce mini, ɗan nema? Tulu ka ce."

Maƙwabciyata mai kitso ce ta ce akwai ofishin da aka gina musamman don share hawayen wanda aka cuta a ciniki. Ban yi boko ba, amma na san hanya in an kwatanta. Na je, aka ce in dawo gobe. Na dawo goben, aka ce goben ba ta yi ba tukuna. Allah ya saka wa wanda ya ƙera bencin ofishin nan, ya san talaka zai daɗe a kai.

Daga ƙarshe na ga Mai Girma Sarkin Dawo-Gobe da kansa, a kujera mai juyi. Mutumin kirki ne, har kallona ya yi sau ɗaya.

"Baba, in mai kaya ya san aibi ya ɓoye, alhaki na wuyansa," ya ce. "Sai dai dole jami'anmu su ga injin da ido. Matsalar, motar ofis tana gyara."

Ya nuna ta taga. Ga mota a kan duwatsu, bonet a buɗe, kaza ta yi sheƙa inda inji ya kamata ya zauna. A inuwarta kuma, kwance a kan benci da hula a fuska, wa kuke tsammani?

"Ranka ya daɗe, wancan wane ne?"

"Direbanmu ne. Mutum mai amana. Tun da injin ya tafi gyara bai fasa zuwa aiki ba."

Na-Kowa ne, ba wani ba. Washegari na ɗauki mai tura kura, muka ɗaure injin da igiya, muka dire shi a ƙofar ofis. Tunda ba su da ƙafar zuwa, ga shi ya zo gaishe su.

Wanda ya ce gwamnati ba ta da sauri bai ga ranar nan ba. Kafin in share gumi an duba lambar injin, an haɗa kai, an yi ƙus-ƙus.

"Baba, wannan kayan hukuma ne, mun karɓe. Ki gode Allah ba mu riƙe ki da sayen kayan sata ba. Tsufanki muka duba."

"To shi ɓarawon, me kuka duba?"

"An kafa kwamiti."

"Su wa ke ciki?"

Ni da ku mun sani, kwamitin inji ba ya zama sai da wanda ya san inji. A duk ofishin kuwa mutum ɗaya ne ya sani. An ba kura ajiyar nama, an kuma naɗa ta binciken inda ya shiga.

Yanzu ba niƙa, ba inji, a-kori-kura ta zama ɗakin wasan jikoki. Autana yana dako a motar wani, abin da ya samo a raba biyu. Mai kitso ta ce in yi haƙuri. Na ce mata haƙuri gadonsa na yi, amma ban taɓa ganin an zuba shi a tanki ba.

Yau da hantsi ina shara sai na ji lasifika: "Jama'a a kula da macuta. Duk wanda aka zalunta a ciniki ya garzayo ofishinmu." Ƙarƙashin maganar akwai wani tari da na sani kamar na jikana. Motar ofis ce, an shafa mata fenti, an sake ɗura wa injina kwaltarsa. Daidai ƙofar gidana ya ja numfashi ya mutu.

Na-Kowa ya leƙo ta taga, ya ga ni ce, amma kunya ba ta cikin kayan aikinsa.

"Mama, ko akwai samari a gidan su ɗan taimaka mana da turi?"

Na jingine tsintsiya, na jawo kujera, na zauna na gyara ɗaurin zanina.

"Akwai, ɗana. Dawo gobe."