Awakin da Suka Cinye Mangwaron Jami'a

Ina sabon shugaban jami'a a Kontagora na yi alkawarin ba zan ɓoye wa ma'aikata komai ba. Duk wata nakan tara su in zayyana musu halin da ake ciki, ina jin daɗin muryata a lasifika.

Ranar wani taro na shigo a fusace. Awaki sun cinye dashen mangwaron da muka sha wahalar rainonsa, ga manyan baƙi na tafe. Na ce mai awakin nan, ko farfesa ne, yau sai an faɗi sunansa.

Baba Audu, shugaban masu gadi, ya matso ya rusuna. "Ranka ya daɗe, mu ɗan keɓe."

"Babu keɓewa, Baba. Nan ba a rufa-rufa." Da hannuna na miƙa masa makirufo.

Ya dube ni da tausayi, ya yi gyaran murya. "To, na gidanka ne. Hajiya ce ta sa aka sayo mata su daga Nasko. Duk sanda muka kama su, direbanka ke zuwa ya karɓe."

Madam Rifkatu ta laburare ce ta fara tuntsurewa da dariya, sai kowa ya bi ta.

Na sake dashen, aka kai awakin ƙauye. Amma har na sauka daga kujerar, da na ce "Akwai tambaya?" sai wani daga baya ya ɗaga hannu: "Ranka ya daɗe, ya kiwo?"