Ƙofar da Kawu Sharif Ya Toshe

Maiwada mai hatsi na Kasuwar Kure sai da furfura ta gama cinye masa gemu sannan ya mallaki dokinsa na fari. Tun yana yaro yake wannan buri. Ya tafi Beji sayen masara, ya dawo da doki a bayan mota, baki har kunne. Sai da aka sauke dabba a ƙofar gida ya tuna da abin da kowane mai hankali ke fara tunawa, wato inda za ta kwana. Gidansa na da get mai faɗi, amma ya cike ciki da ɗakunan haya da sito, ya malale sauran da siminti, ko akuya ba ta da wurin juyawa. Doki ya kwana ɗaure a jikin falwaya. Gari na wayewa mai unguwa ya aiko cewa a ɗauke shi daga kan hanya kafin la'asar.

Fili ɗaya ya rage a layin, shi ne na bayan katangarsa, gidan taubashiyarsa Sa'adiya, 'yar kawunsa, wadda ta dawo gidan ubanta bayan rasuwar mijinta. Can akwai ƙasa, akwai inuwar mangwaro. Maiwada ya zagaya ta titi, ya tsallake kwata, ya sunkuya ya shige ɗan zaurenta. Ya same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa.

"Lafiya lau muka kwana," in ji ta, tun bai rufe baki da gaisuwa ba. "In ban da wani jaki da ya hana unguwa barci."

"Jaki? Tsufa ya tafi da kunnenki. Haniniya kika ji, ta doki ɗan asali."

"Na leƙa na gan shi. Daga nan na ƙirga haƙarƙarinsa, ko tabarau ban sa ba. Sayar maka aka yi, ko roƙonka aka yi ka raba su da shi?"

"Dokin da ya tsere wa mota a hanyar Beji?"

"Yana cikinta ya tsere mata?"

Maiwada ya jawo kujera ya zauna, ba wanda ya ce ya zauna.

"Kai da ko keke sai an riƙe maka," ta ci gaba. "Wa zai ɗora ka, wa zai sauke ka? Ko tsani za ka riƙa yawo da shi?"

"Hassada ce ke cin ki. Ke ko kaza ba ki taɓa kiwatawa ta kai Sallah ba."

"Tashi ka gaishe ni da kyau. Ɗan mace ne kai, bawana ne tun ran da aka yanke maka cibi. Ina aka taɓa ganin bawa a kan doki, uwargijiyarsa a ƙasa? Duk abin da ka saya nawa ne."

"Alhamdu lillahi!" Maiwada ya tafa hannu. "Tunda naki ne, zo ki kwashe kayanki daga bakin titi. Mai unguwa ya ce kafin la'asar."

Sa'adiya ta harare shi. Ta san ta taka tarko da ƙafarta.

"Munafuki. Ashe masauki ka zo nema."

"Turke ɗaya kawai, a gindin mangwaron can."

"Inda nake shan iska?"

"Sai ku riƙa sha tare. Ya fi ni iya hira, ba ya mayar da magana."

"In aka yi ruwa fa? Ka san ruwan Minna ba ya sallama."

"Zan yi masa rumfar kwano."

"Ka ji mai doki! Kwano a zafin garin nan? Gasa shi za ka yi? Rumfar ciyawa ake yi, a tada ƙasan wurin don kada ƙafarsa ta zauna cikin danshi. Kofato ba ya son laima, ko wannan ba a gaya maka ba a Beji?"

"An gaya mini, gwada ki nake yi."

"Me zai ci?"

"Dusa da dawa, ga su jibge a sito. Harawa kuma na yi magana da mutanen Kuta, sai dai wurin ajiya. Na ga tsohon madafin can ba kowa."

"Ka gama rabon gidan ubana tun daga waje ke nan. Kashinsa da ƙudansa fa?"

"Shekwolo mai lambu ya ce yana so, da kansa zai riƙa zuwa kwasa. Ƙuda kuwa ai sun saba da ke."

Ta jefe shi da tsakuwar da ta tsinto a shinkafa, ya goce yana dariya.

"To na ji," ta ce. "A ce na yarda. Ta ina zai shigo? Zauren da kai ma sai ka sunkuya? Ko naɗe shi za ka yi kamar tabarma?"

Nan dariyar Maiwada ta tsaya. Ya juya ya dubi katangar da ta raba gidajen biyu. A tsakiyarta akwai wani wuri da yaɓensa ya bambanta da saura, shacin ƙofa doguwa mai faɗi.

Da can gidan ɗaya ne, na kakansu da ya zo garin da aikin reluwe. Da ya rasu aka raba tsakanin 'ya'yansa biyu, Sharif uban Sa'adiya da Rukayya uwar Maiwada, aka ja katanga aka bar ƙofa, har jaki da kaya yana wucewa ta ciki. Ta nan kwanon tuwo ke shiga ya fito, ta nan yara ke gudun bulala. Sai wata damina indararon Rukayya ya riƙa zuba a ɗakin yayanta. Magana ta yi tsawo, ta gaya masa abin da ƙanwa ba ta gaya wa wanta. Washegari ya toshe ƙofar da bulo. Gaisuwa ba ta yanke ba, amma ta koma ta titi, irin ta maƙwabta. A haka su biyun suka bar duniya.

Sa'adiya ta ajiye faifan shinkafa.

"Ashe abin da ya kawo ka ke nan."

"Wallahi ban saye shi da wannan niyya ba. Sai da na rasa hanya na tuna. Ta get ɗina zai shiga, ya bi ta nan, ya fito gindin mangwaro. Babu wata hanyar."

"Akwai masu barga a bayan gari, ana kai musu dawaki su riƙe."

"Na sani. In yi ta jira har na tsufa, sannan in kai shi makarantar kwana, in riƙa zuwa ziyara ran Juma'a? Gara in mayar wa mai shi."

Da gaske yake, ta kuma ji haka a muryarsa. Tsoro ne ya kama shi, ba na rasa dokin kaɗai ba. Yana tsoron ta ce a'a, ya zama an sake toshe ƙofar a karo na biyu, wannan karon da bakinsu.

"Ubana ya ɗora bulon nan da hannunsa," ta ce a hankali. "Ya mutu bai ce a buɗe ba. Ni ce zan rushe abin da ya gina, saboda dabba?"

"Uwata ma ta mutu tana kallonsa ta wancan gefen. A jikinsa take shimfiɗa tabarma kullum da yamma. Mu ce ta koma inuwa, ta ce nan ya fi mata iska. Wace iska ce a jikin bango, Sa'adiya? Tarin yayanta take saurare."

Daga titi dokin ya yi haniniya, rana ta fara dukansa.

"Kai, bawa," in ji Sa'adiya. "Mene ne aikin kawunka?"

"Magini ne a reluwe, wa bai sani ba?"

"Ka taɓa ganin ya gina ko akurki ba da siminti ba?"

"Shi da ke cewa ginin laka ɓata lokaci ne."

"To ni na ɗebo masa ruwa ranar. Ga buhun siminti a jingine a zaure, bai taɓa shi ba. Ƙasa ya haƙa a gindin mangwaron nan ya kwaɓa, da ita ya jera bulon. Sai da ya gama ya shafa siminti sama-sama, don idon mutane. Na ce, Baba, laka? Ya ce in rufe masa baki in ƙaro ruwa."

Maiwada ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Kina nufin duk shekarun nan..."

"Ko tunkiya ta sosa jiki da ƙarfi sai ya faɗi. Jira yake ƙanwarsa ta ƙwanƙwasa. Ita ta yi maganar, shi ne babba, ba zai fara ba. Da ya tafi, ni ma na zauna jiran wani daga cikinku."

"Mu kuma muna ganin siminti muka ɗauka dutse ne."

"Ku 'ya'yan mace dama tunani bai dame ku ba. Sai da doki ya zo daga Beji ya yi muku."

Maiwada ya ƙura wa bangon ido. Tausayin tsofaffin nan biyu ya cika shi, kowa na zaune a gefensa, tsakaninsu ƙasar da yaro zai ture.

Sa'adiya ta shiga madafi ta fito da taɓarya ta miƙa masa.

"Ungo. Ba sai ka kira lebura ba."

Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya ɗan taɓa bangon.

"Sallama kake yi masa? Buga mana! Wannan ne zai riƙe linzami?"

Ya ja baya ya buga. Yaɓen ya tsage ya zubo, jar ƙasa ta biyo baya. A bugu na biyu bulo ya sulale ya faɗa wancan gefen. Maiwada ya sa ido a ramin, ya ga ƙofar ɗakin uwarsa tana kallonsa. Ya matsa gefe, Sa'adiya ta leƙa. Ta daɗe a wurin, tana goge ido da bakin mayafi, wai ƙura ce.

"Innalillahi," ta ce da ta ɗago. "Ashe haka tsakar gidanka take da datti? Da na sani ban ba ka taɓaryar ba. Dabba ba za ta ratso wannan juji ta shigo mini gida ba."

Maiwada ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

"Na yarda, ranki ya daɗe, kin ci. Bari in ƙarasa in tsallaka, sai ki miƙo mini tsintsiya ta nan."