Ranar da Na Ba Baba Iliya Awaki Tamanin da Takwas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban ɗaki cike da mutane a Dutse, na yi wa wani dattijo kyautar awakin da bai taɓa gani ba.

Lokacin ban fi wata huɗu da kama aiki ba a wata ƙungiya mai kai wa ƙananan makiyaya allurar rigakafin dabbobi a ƙauyukan Miga da Ringim. Aikina shi ne in karɓi bayanan da ma'aikatanmu ke turowa daga ƙauye, in zuba su cikin manhajar da ke fitar da alƙaluma da zane-zane, don shugabanni su san yawan allurar da za a sayo da inda za a kai ta. Na yi kwas na sati shida a intanet, ina ji da kaina sosai. (Takardar shaidar ma sai da na sa mata firam, na rataye ta daidai inda duk mai shigowa ofis zai gani.)

A ofis ɗin akwai Malama Hauwa, wadda ta riga ni zuwa da shekaru, mace mai ƙarancin magana. Da aka ce mu tsara bayanan shekara don babban taro, sai muka saɓa. Ita ta ce a raba su: tebur, wato jadawali, ɗaya na sunayen makiyaya da yawan dabbobinsu, ɗaya na ƙauyuka, sai babba a tsakiya na ziyarce-ziyarcen da aka kai, kowanne a ɗaure shi da na tsakiyar ta hanyar lamba. Tsarin tauraro ake ce masa. Ni kuwa na ce a haɗa komai a shimfiɗeɗen tebur guda, kowane layi ya ɗauko suna da ƙauye da dabbobi da ranar ziyara. Ga sauri, ga sauƙin gani.

Ta zana mini nata a farar takarda, akwatuna da layuka sun fita ta ko'ina. Na duba na yi dariya na ce, "Malama, wannan ai saƙar gizo-gizo ce. Yanzu an wuce nan."

Ba ta yi fushi ba. Cewa kawai ta yi, "To, idan an ziyarci mutum sau biyu, awakinsa sau nawa za su fito a teburinka?"

"Manhaja ta san yadda za ta yi," in ji ni. (Har yau idan na tuna wannan amsa sai in ji kamar in nutse cikin ƙasa.)

Shugabanmu, Alhaji Sabo, ya ce kowa ya yi nasa a gani. Nawa ya kammala cikin kwana biyu, launuka sai walƙiya suke yi. Malama Hauwa kuwa har ana saura kwana biyu taro tana ta daidaita lambobi. Aka ce nawa za a nuna.

Ranar taro na sa sabuwar shadda, ta sha karin guga. Akwai baƙi daga wurin masu tallafa mana, akwai likitocin dabbobi, akwai kuma wakilan makiyaya da aka ɗauko a bas tun da safe. A layin gaba Baba Iliya ne zaune, shugaban makiyayan wani ƙauye a Miga, dattijo mai farin gemu, ya jingina sandarsa da gwiwa.

Majigi ya haska bango, na fara zuba. Na nuna yadda dabbobin yankin suka yi ɗimbin yawa, na ce allurar bana sai ta ninka ta bara ninkin ba ninkin. Na ga wani likita ya ɗaga gira, amma na ɗauka mamakin iyawata yake yi. Sai shaiɗan ya raya mini in burge su. Na ce, "Tsarin nan har mutum ɗaya yana iya fitarwa. Ga Baba Iliya nan, bari mu duba shi."

Na danna sunansa. Lamba ta fito ɓaro-ɓaro a bango. Na karanta da ƙarfi: "Baba Iliya, awaki tamanin da takwas!"

Baba ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai neman wani Iliyan. Sannan ya gyara zama ya ce, "Ɗana, awakina goma sha ɗaya ne, har da gurguwar. Sauran a wajen wa ka ajiye su? In suna nan Dutse, ai sai a sa mini su a bas mu tafi."

Dariya ta ɓarke, har da baƙin da ba sa jin Hausa, bayan an fassara musu. Wani daga baya ya ce, "A duba nawa ma, ko Allah ya sa na yi arziki ban sani ba!" Ni kuwa gumi ya jiƙa shaddar nan sharkaf. Na danna nan, na danna can, lambar ta ƙi motsi. Ashe sau takwas aka ziyarci Baba a shekarar, kowane layi ya ɗauko awakinsa goma sha ɗaya, manhaja kuma ta tara su gaba ɗaya, kamar yadda na umarce ta. Haka ta yi wa kowa. Da an bi lissafina, da an sayo allurar da za ta lalace a firiji, a bar wasu ƙauyukan da ba a cika zuwa ba babu ko kwalba ɗaya.

Alhaji Sabo ya ce a tafi sallar azahar. Kowa ya fita, ni na koma kujera na zauna. Ina zaune ina tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata an kore ni, sai Malama Hauwa ta ajiye kwamfutarta a gabana.

"Na gama nawa jiya," ta ce. "Ka je ka yi salla, ka dawo in nuna maka yadda ake bi. Kai za ka ƙarasa bayanin."

"Ni kuma, Malama? Bayan wannan abin kunya?"

"Ni ba na son magana gaban jama'a, kai kuwa bakinka ba ya ciwo. Kuma teburinka ba banza ba ne, ya dace da ƙirga ziyara, yana da sauri. Awaki ne bai iya ƙirgawa ba."

Da aka dawo na tsaya na ce kuskuren nawa ne, gyaran kuma na Malama Hauwa ne. Na sake danna sunan Baba: goma sha ɗaya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Yauwa, yanzu na gane garkena. Allah ya yi muku albarka."

Ba a kore ni ba. Alhaji Sabo ya haɗa mu aiki tare, yanzu tauraronta ne tushe, ni kuma ina ciro ƙananan tebura daga cikinsa idan ana son abu cikin gaggawa. Da damina ta kama, allura ta isa ƙauyukan daidai gwargwado. Sai dai har yau direbobinmu "Mai Awaki" suke kirana, kuma ina amsawa.

Abin da na koya shi ne, kafin ka haska lamba a bango, ka tambayi wanda ya fi ka sani. In kuwa girman kai ya hana ka, to aƙalla kada ka zaɓi mutumin da ke zaune a layin gaba, wanda ya san awakinsa ɗaya bayan ɗaya.