Koren Allon Injiniya Tasi'u

Duk wanda ya taɓa zama a majalisarmu ta bakin titin Hotoro ya san Tasi'u. In ba ka san fuskarsa ba, ka san muryarsa, don tun daga kwanar gidan mai ake jiyo ta. Injiniya Tasi'u, in ji shi. Ba wanda ya ba shi sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma cinye ragon shi kaɗai.

Aikinsa haɗa manhajar waya. Ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma in ya iya cikin cokali, sai ya ba ka labarin cikin ƙwarya. Ka ce masa wayarka tana zafi, sai ya ce ai shi ya taɓa gyara wa wani Bature kwamfuta daga nan Kano, da hannun hagu, yana cin gyaɗa da na dama.

To, akwai wata Hajiya Yalwa mai gidan abinci, reshe ɗaya a Tarauni, ɗaya a Kabuga. Ita ta ɗauki Tasi'u da wata abokiyar aikinsa, Bara'atu, suka haɗa mata manhaja. Ka zaɓi abinci a wayarka, odar ta fito a allon da ke kicin, a zuba, mai babur ya kawo maka har ƙofar gida, sannan ka biya. Da aka fara aiki sai Hajiya ta kira su.

Ta ce, "Ni fa ba na gane rubuce-rubucen nan naku. Ku ba ni abin da zan kalla in san aikin nan yana tafiya ko barci yake yi."

Bara'atu ba ta da rufa-rufa. Ta ce, "Hajiya, abin dubawa ba ɗaya ba ne. A duba saurin kai abinci. A duba odar da ta ɓata ko aka kai ba daidai ba. A duba ko wanda ya saya jiya ya dawo yau. Sannan a ji ƙorafin mutane. Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya."

Tasi'u ya kwashe da dariya har da buga ƙafa.

"Haba Bara'atu! Za ki cika wa Hajiya kai da lissafi kamar mai zana jarrabawa. Mai jin yunwa me yake so? Sauri! Ma'auni ɗaya tak, Hajiya. In abinci ya isa kafin rabin awa, allo ya nuna kore. In ya wuce, ya nuna ja. Ko daga bakin ƙofa kika leƙo kin san inda aka kwana."

Bara'atu ta ce, "In an yi saurin aka kai wa mutum tuwo ba miya fa?"

"Ai dai ya same shi da zafinsa."

Hajiya mace ce mai hidima da yawa, kuma bakin Tasi'u ya fi zuma. Ta ce a yi nasa. Aka kafa ƙaton allo a bangon ofis, Tasi'u ya tsaya a ƙarƙashinsa aka ɗauke shi hoto.

Makon farko, allo ya yi ja wur kamar garwashi. Masu babur kaɗan ne, ga cunkoson hanya, ga mai tuƙa tuwo hannu biyu Allah ya ba ta. Hajiya ta leƙo ta ce, "Injiniya, wannan jan fa?"

"Yau zai mutu, Hajiya."

Mai hankali da ya ce a ƙara masu babur. Tasi'u kuwa ya zauna gaban kwamfuta, ƙwas-ƙwas-ƙwas, ya saka wa manhaja wata doka. Duk odar da ta kusa cika rabin awa, manhaja ta rufe ta da kanta, ta rubuta "An kai". Shi ke nan. Washegari allo ya yi kore shar, kamar gonar alayyafo.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne, odar da aka rubuta wa "An kai" ɓacewa take yi daga allon kicin. Ƙananan oda dai suna isa a kan lokaci. Amma duk wanda tasa ta yi jinkiri, sai dai ya zauna da cokali a hannu, waya tana ce masa a ci lafiya.

Ƙorafi ya fara sauka kamar ruwan Agusta. Bara'atu ta same shi da waya a hannu.

"Tasi'u, mutane na cewa ba a kai musu ba."

"Allo me ya ce?"

"Ni ba allo nake tambaya ba."

"To ni shi Hajiya take tambaya. 'Yan baƙin ciki ne, masu gidan abincin da muka kashe wa kasuwa."

A ranar ya cire wajen kai ƙorafi daga manhajar gaba ɗaya. Ƙorafi ya ɗauke ɗif. Waɗanda aka yi wa haka ba su biya komai ba, sai su yi tsaki su koma wani gidan. Ba wanda ke ƙirga masu tafiya, don ba su cikin ma'auni. Bara'atu ta gaya wa Hajiya sau ɗaya, Hajiya ta ɗaga kai ta ga kore, ta ce su daina kishin juna. Bara'atu ta ce Allah ya kyauta, ta ja bakinta.

Abin da ya fi ba ni haushi, mutumin nan da ya shirya ƙaryar da hannunsa, shi ya fara yarda da ita. Kullum yana kallon kore har ya manta yadda aka yi ya zama kore. Ya zo majalisa yana ce mana a duk faɗin Arewa babu manhajar da ta kama ƙafar tasa, ba a taɓa makara ba ko sau ɗaya. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana cikin haka matarsa Raliya ta haihu, ɗa namiji.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Raliya tana da kaka a Ringim, Malam Nadabo, tsoho mai baki kamar reza. Kun san wasan kaka da mijin jika. Shi a wajensa Raliya matarsa ce, Tasi'u ƙwace masa ita ya yi. Duk haɗuwarsu, a gaban kowa, sai ya ce, "Ɗan ƙwace, har yanzu danne-dannen kake yi, ko ka samu aiki?" Dangi su yi ta dariya. Tasi'u ya yi yaƙe, amma maganar tana cinsa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ya rantse ranar sunan nan sai mutanen Ringim sun san aikinsa aiki ne.

Ana gobe suna gwaggwannin Raliya suka iso da manyan tukwane da itace da muciya. Tasi'u ya tare su a soro.

"Gwaggo, ku huta. Wannan sunan ba a hura wuta."

"Ba a hura wuta? To me baƙi za su ci, ɗan nan?"

"Zamani ya zo. A gaban idonku zan danna waya, kafin ku gama gaisawa abinci ya cika gidan nan."

Tsofaffin suka kalli juna. Ɗaya ta ce ko ɗan wake ne a bari su ɗora saboda yara. Ya ce ko ruwan zafi bai yarda ba, sai na wankan mai jego. Aka jingine tukwane a bango.

Ranar suna, da safe aka raɗa wa yaro suna, aka raba goro da dabino, aka yanka rago aka rataye, sai washegari za a yi suya kamar yadda aka saba. Walima bayan azahar. Ni da nake ba ku labarin nan, wallahi ko koko ban sha ba tun safe, don Tasi'u ya ce mana kowa ya zo da cikinsa a wanke. Rumfa ta cika. Mutanen Ringim mota biyu. A cikin gida mata maƙil, har da Hajiya Yalwa da Bara'atu.

Tasi'u ya fito cikin shadda tana ƙara, ya ɗaga waya sama.

"Kaka, matso ka ga danne-danne."

Malam Nadabo ya gyara tabarau. Tasi'u yana dannawa yana faɗa da ƙarfi. Shinkafa da kaza. Waina da miyar taushe. Funkaso. Farfesun kayan ciki. Zoɓo da kunun aya. Na mutum ɗari da wani abu. Duk abin da ya ambata sai ka ji wani ya haɗiyi yawu, ƙut.

"Rabin awa, Kaka. Duba agogonka."

"Ba ni da agogo, ɗan ƙwace. Cikina ya ishe ni."

Aka shiga hira. Tasi'u yana zagaya rumfa yana yi wa mutanen Ringim bayanin ma'auni, yana nuna musu hoton koren allo. Can sai wayarsa ta yi ƙara, ƙilin! Ya duba, ya washe baki har kunne, ya karanta wa jama'a: "An kai. A ci lafiya."

"Kun ji ko! Ko rabin awar ba ta cika ba!"

Kowa ya juya ya kalli bakin layi. Akuya ce kawai ta wuce.

Ya ce mai babur yana kwana. Muka jira. Ya ce wataƙila ta bayan gida suka shiga. Aka leƙa, ba kowa. La'asar ta yi, muka yi salla muka dawo muka zauna. Yara a cikin gida suka fara kuka, wani na ɗauka wani na saukewa. Cikina ya yi wata ƙara, ƙululu, har na kusa da ni ya ce "Na'am?"

Gumi ya fara keto wa Tasi'u ta ƙarƙashin hula. Ya koma gefe ya kira kicin ɗin Tarauni, amma murya ba ta san gefe ba, duk muna ji.

"Ina abincina?"

"Wanne, Injiniya? Babbar odar nan? Ai mun gani, muka ɗora tukwane, sai ta ɓace daga allo, ta koma 'An kai'. Muka ce 'yan Kabuga sun riga mu. Abin da muka dafa mun sayar."

Ya kira Kabuga.

"Mu ma mun gani, Injiniya. Da ta ɓace muka ce 'yan Tarauni ne suka kai. Ai sun yi ƙoƙari wallahi."

Wani daga cikin mutanen Ringim, da zuciya ɗaya, ya ce, "To ka kai ƙararsu mana a cikin wayar. Ba wajen kai ƙorafi?"

Tasi'u ya shiga lalube. Ya danna nan, ya danna can, ya koma baya. Sai muryar Bara'atu daga bakin soro, a sanyaye: "Kada ka wahalar da yatsanka. Kai ka cire shi."

Hajiya Yalwa tana bayanta, mayafi a kafaɗa, ido ya kaɗa.

"Injiniya, wato haka ake yi wa masu sayen abincina?"

"Hajiya, ai allo..."

"Allon ya zo ya ba mutanen nan abinci. Gobe ka same ni a ofis, ka taho da abin kwance shi daga bango."

Tukwane na jingine, rago na rataye ɗanye, magariba na ƙaratowa, ga mutanen Ringim da tafiya a gabansu. Tasi'u ya tsaya tsakiyar fili kamar an dasa shi. Wallahi na ji tausayinsa, amma yunwa ta fi tausayin ƙarfi.

Sai Malam Nadabo ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku daina ɓata wa yaro rai. Tunda na'ura ta ce an kai, an kai. Mu ne ba mu lura ba. A kawo ruwa."

Aka kawo buta da roba. Tsohon nan ya naɗe hannun riga, ya wanke hannunsa tas har da tsakanin yatsu, ya kurkure baki, ya jingina ya saki wata gyatsa, gaaat! Ya ce, "Alhamdulillahi." Ya miƙa butar ga na kusa da shi. Mutanen Ringim ba su ba shi kunya ba. Ɗaya bayan ɗaya suka wanke hannu, wani na yaba farfesu, wani na cewa wainar ta ɗan yi tsami amma ba laifi. Wani har ya nemi tsinken sakace. Mu 'yan majalisa muka bi layi, dariya na neman kashe mu.

Da suka tashi tafiya, Malam Nadabo ya dogara sandarsa ya zo gaban Tasi'u, ya laluba aljihu ya ciro 'yar tsohuwar wayarsa mai ɗaure da kyauro, ya miƙa masa.

"Ɗan ƙwace, mun ci mun ƙoshi, Allah ya raya yaro. In da saura, zuba mini a nan in kai wa mutanen gida."