Kunnen Zinariya da Igiyar da Ba a Jona Ba

Ina shiga ofishin na hango bakin igiyar hedifon ɗinsa, abin sauraron nan da ake sawa a kunne, yana reto a ƙarƙashin tebur, bai shiga ko'ina ba.

Amma bari in fara ba mai girma girmansa. Kunnen Zinariya ake ce masa, shi ne mai tace waƙoƙi a babban kamfanin waƙar nan mai hawa bakwai. Da kansa ya raɗa wa kansa sunan, don kada a wahalar da jama'a. An ce daƙiƙa goma ta ishe shi ya gane waƙar da za ta ci kasuwa. Bangon ofishinsa hotuna ne reras: ga shi da tauraro, ga shi a bayan tauraro, ga rabin kafaɗarsa kusa da tauraro.

Ni kuwa bara na gama jami'a, aiki ya ƙi samuwa. Waƙa ɗaya gare ni, ta marigayi babanmu. A shagon ɗinkin yayata muka naɗe ta, mun jingina katifa a taga saboda ƙarar babura. Ba ganga, ba jita. Muryata ce kawai da sautin keken ɗinkin da baba ya bar mata, wanda take kira muryar baba, ita tana takawa, ni ina rerawa.

"Auta, sake ta da kanka a waya, mai kunne ya ji," in ji Yaya.

Na ƙi, ni sai kamfani. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Tun a ƙasan bene sakatariya ta miƙo takarda na sa hannu: shekara guda ba ni da ikon sakin waƙar ko'ina, sai abin da kamfani ya yanke.

To, ga ni gaban gwani. Ya ɗora hedifon kamar mai naɗa rawani, ya danna kwamfuta, ya lumshe ido. Kai ya fara kaɗawa. Yatsa ya bi. Har kafaɗa ta ɗan taɓa rawa. Ni kuma idona na kan igiya.

Ya buɗe ido, ya yi ajiyar zuciya.

"Samari, gangar ta yi yawa."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu.

"Matsalarku ke nan, ku 'yan waƙar ɗaki. Kuna yi wa zuciya waƙa, mu ƙafa muke yi wa. Waƙa minti biyu ce. Kalma ɗaya, a maimaita ta sau ashirin. A ambaci mota. Kuma yarinyar nan da ke maka amshi, a sauya ta, muryarta ba ta da gishiri."

Yaya ko tari ba ta yi ba a cikin waƙar.

"Shekara ashirin kunnen nan bai taɓa kuskure ba," ya ce, yana shafa shi kamar jinjiri. "Abin da mutane ba sa ji, ni ina ji."

Wannan kam na shaida.

Ya ce zai rubuta rahoto ga kwamiti, za a neme ni. Na fito. A bakin ƙofa na raɗa wa sakatariya abin da na gani. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Tun da aka sauya masa tebur ba a jona ta ba, shekara uku ke nan. Duk taurarinmu haka aka zaɓo su."

Yau kwana goma sha tara. Kullum da safe Yaya takan tsayar da keke ta ce, "Auta, sun ji muryar baba kuwa?" Sai in duba waya. Waƙar tana hannunsu, takardar tana aljihuna, har yanzu ba su kira ba.